BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Ƙarar Babur Da Kunnen Mai Shi

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya a bakin masu babur, maganar kuwa ita ce "zai kai". Ka ce wa mutum, Malam, wannan mashin naka fa akwai abin da yake faɗa ta wajen ƙafar baya, sai ya ɗan karkata kai ya saurara na daƙiƙa biyu, ya ce ai ba komai, dama haka yake yi, zai kai. To ina ne zai kai ɗin? Daga Kano zuwa Katsina, ko Gumel, ko wani ƙauye can gaba da Birnin Kudu, da rabin buhun shinkafa a baya, uwargida a zaune da goyo, ana jibi Sallah.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, mutanen da a da za su nufi tasha yanzu sukan zauna su yi lissafi, su ga cewa lita huɗu ko biyar a tankin babur ta fi musu sauƙi. Ni ban ga laifinsu ba, kowa ya san halin da ake ciki. Inda na ga laifi shi ne yadda ake ɗaukar doguwar tafiya tamkar zuwa kasuwar Rimi ne aka ɗan ƙara masa tsawo. Mu ɗan yi lissafi tare, ya kai mai karatu. Daga Kano zuwa Katsina kimanin kilomita 170 ne. Tayar babur irin Boxer in ta juya sau ɗaya ba ta cika cin mita 2 ba, ke nan kafin a isa sai ta juya kusan sau dubu 90. Shi kuwa ƙaramin farantin nan mai haƙora da ke jikin inji, wanda makanikai ke kira sifoket na gaba, sai ya juya kusan ninki uku na wannan. Saboda haka duk wata 'yar matsala da ke yin ƙwas sau ɗaya a kowane juyi, za ta yi ƙwas ɗin nan sau dubu 90 a wuni guda, cikin rana, ƙarƙashin kaya, ba hutu. A cikin gari danja da cunkoso da tsayawa gaisuwa su ne suke ba ƙarfe damar hucewa, shi ya sa babur zai iya shekara yana 'yar ƙararsa tsakanin Kurna da Sabon Gari bai taɓa ba mai shi kunya ba. Babban titi bai san wannan alfarmar ba.

Kuma in abin ya zo, ba lallai ne ya zo da sauƙi ba. Sarƙar da ta tsinke ko ta sauka ana tsakiyar gudu takan iya cusa kanta tsakanin sifoket da ƙarfen babur ta ƙulle tayar baya nan take, ko kuma ta yi bulala ta fasa murfin inji mai ya tsiyaye. Boris ɗin taya in ya tarwatse, tayar ce za ta fara rawa a ƙarƙashin mutum. Ko da an tsira da lafiya, akwai hanyoyi a yankunan Katsina da Zamfara da Sakkwato da Kaduna waɗanda babu mai hankalin da zai so magariba ta riske shi a kansu yana tura babur da iyali a biye.

Abin da nake son in kafa a nan shi ne, binciken farko na ƙarar babur aikin mai babur ne, ba aikin bakanike ba. Na san wasu za su ce to mene ne amfanin bakaniken? Amfaninsa yana nan, shi zai kwance ya gyara. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duba yadda abin yake faruwa: ka kai babur gareji, ga janareta na ruri a maƙwabta, ga mai walda a gefe, bakanike ya buga kik, ya murɗa totur sau uku yana kallon sama, ya ce Alhaji injinka lafiya lau. Bai yi maka ƙarya ba. Abin da ya ji lafiyarsa lau. Sai dai babur da ke kafe a firi injinsa kaɗai ke aiki, sarƙa ba ta motsa ba, tayar baya ba ta juya ba, ba kuma a ɗora wa komai nauyi ba. Galibin ƙarar da ke kayar da mutane a hanya tana fitowa ne daga waɗannan sassan da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙasa, wato kuloci da giya da sarƙa da sifoket da tsakiyar taya, su kuwa ba sa buɗe baki sai ana tafiya. Wanda ke kan babur kullum shi kaɗai ne yake wurin lokacin da suke magana.

Abin takaicin shi ne in aka tambayi mai babur me ya ji, amsar ba ta wuce "yana dai wata ƙara haka". Wannan a bakin Bahaushe! Mu da harshenmu ya cika maƙil da kalmomin nan da malaman nahawu ke kira amsa-kama, muna iya bambanta faɗuwar tim da ta rim, mu bambanta ƙwas da ƙwal da gwaram, amma da an zo kan ƙarfen da muke ɗora rayukanmu a kai sai mu zama bebaye. Akwai bambanci mai girma tsakanin ka ce yana wata ƙara, da ka ce yana yin gurrr daga baya in na wuce gudun 50, kuma in na ɗauki mutum sai ta ƙaru. Magana ta farko takan sa a kwance maka abin da lafiyarsa ƙalau a caje ka kuɗin aiki. Ta biyu kuwa kai tsaye za ta kai hannun bakanike kan sarƙa da boris.

Tambaya ta farko da ya kamata mutum ya amsa wa kansa ita ce: ƙarar nan inji take bi ko taya? Hanyar ganewa ba ta buƙatar ko sifana. A sami titi shimfiɗaɗɗe mara hayaniya, da sassafe ya fi, a tafi a hankali kamar gudun 30 zuwa 40 har ƙarar ta bayyana. Sai a matse kuloci a saki totur. Yanzu an raba su ke nan, inji ya koma yana numfashinsa a hankali, taya kuwa tana ci gaba da gudunta. In ƙarar ta sauka tare da inji, to maganar ta cikin inji ce, ko tafet, ko taimin cen, ko wani abu makamancin haka, wannan kuma wani babi ne daban. In kuwa ƙarar ta ci gaba da tafiya, tana raguwa ne kawai gwargwadon yadda babur ke rage gudu, to an gano unguwarsu: daga sifoket na gaba zuwa tayar baya take, ko kuma a tayar gaba. Masu roba-roba da ba su da hannun kuloci su ma ba a bar su a baya ba, domin a irin wannan babur danne fedar giya a riƙe yakan raba inji da taya, sai dai a yi shi a hankali, kuma a daidaita totur kafin a saki.

Daga nan sai a saurari kiɗan ƙarar, domin kowane sashe da nasa taken. Abin da ke jikin taya, kamar ƙusa ko tsakuwa a cikin zanen roba, ko wili da ya lanƙwashe, ko birki da ke gogar kwanonsa, sau ɗaya zai yi magana a kowane juyin taya. Sarƙa kuwa doguwa ce, gaɓoɓinta sun haura 100, alhali haƙoran sifoket na baya ba su wuce 40 da 'yan kai ba, don haka sai taya ta juya kusan sau uku kafin sarƙa ta kammala zagaye ɗaya. In ka ji ƙas ɗin yana zuwa jefi-jefi, a hankali fiye da juyin taya, to gaɓa ɗaya ce ta ƙage a jikin sarƙa, tana yin tsalle duk lokacin da ta zo wucewa ta ƙaramin sifoket. Wannan ɗan bambancin kaɗai ya isa ya hana a raba maka inji biyu a banza.

Yanzu bari in tsaya a kan sarƙar nan, wadda a gareji ake kira cen, domin a ganina ita ce aka fi zalunta a jikin babur, kuma ita ce ta fi ramawa.

Kafin komai, a kashe inji. Ina nanata wannan saboda akwai wata muguwar al'ada ta a kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a tayar da inji a sa giya, taya na juyawa, mutum ya kawo tsumma yana goge sarƙa wai don aiki ya yi sauri. Tsumman yakan kama, ya ja yatsa zuwa cikin haƙoran sifoket, kuma sifoket ba ya mayar da abin da ya karɓa. Da hannu ake juya taya, inji a kashe, makulli a aljihu.

Mutane sukan ce sarƙa ta miƙe, kamar wata roba. Ƙarfen ba miƙewa yake yi ba. Kowace gaɓa tana juyawa ne a kan wani ɗan siririn ƙarfe da ya ratsa ta, shi ne yake cinyewa a hankali. Sarƙar da aka fi sa wa ƙananan baburanmu, mai lamba 428 ko 420, tsakanin gaɓa da gaɓa milimita 12.7 ne, kuma an yanka haƙoran sifoket daidai da wannan tazarar. In kowace gaɓa ta ci kashi ɗaya cikin goma na milimita kacal, abin da ido ba zai gani ba, in aka tara sama da gaɓa 100 an sami ƙarin da ya haura santimita guda. Daga nan sarƙa ba za ta ƙara zama a gindin haƙori ba, sai ta riƙa hawa sama tana cin bakinsa, har haƙoran su koma masu tsini a karkace kamar ƙayar sarƙaƙiya. Gwajin mai sauƙi ne: kama sarƙar a can bayan sifoket na baya, ka ja ta waje. Lafiyayya da ƙyar za ta ɗaga. In ta ɗaga har ka hango rabin haƙori ko fiye, ta gama aiki.

A nan ne ake yin dabarar da ni dai ban yarda da ita ba ko kaɗan in doguwar tafiya za a yi, wato yanke sarƙa. An ja taya baya har maɗaurin ya ƙure, sai a ce a cire gaɓa biyu a mayar. E, tsawonta ya ragu, ta daina lilo, ido ya gamsu. Amma kowace gaɓa da ta rage tana nan da cinyewarta, tazarar ba ta koma 12.7 ba, kuma haƙoran suna nan da tsininsu. An rufe wa ƙarar baki ne kawai, ciwon yana nan. Haka nan sa sabuwar sarƙa a kan tsohon sifoket, ba za a daɗe ba tsohon zai koya wa sabuwar halinsa. Su ukun tare ake canza su, sarƙa da sifoket na gaba da na baya, kuma na gaban da ke ɓoye a bayan murfi shi ya fi saurin cinyewa tunda haƙoransa 14 ko 15 ne kawai suke ɗaukar duk wahalar. Mutane nawa ne suka taɓa buɗe murfin nan suka leƙa?

Sai maganar ɗauri. Kowa ya san sarƙa mai sako-sako, tana kaca-kaca tana dukan murfinta, ita ce ma ke sa a je gareji. Wadda ba a sani ba, kuma ta fi ta sharri, ita ce wadda aka ɗaure tamau. Mai shirin tafiya yakan ce wa yaron gareji, ɗaure min ita sosai, nisa zan yi. Yaro kuwa ya ja ta har ta koma kamar tsirkiyar garaya. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, da zarar an hau babur an ɗora kaya, shokazoba ta nutse, tayar baya takan ɗan ƙara nisa da inji, sarƙa ta ƙara tsukewa. Wadda ta yi tamau babu kowa a kai, in aka ɗora mutum biyu da buhu sai ta koma tana jan ƙarfen da ke fitowa daga giya da ƙarfin tsiya a kowane rami. Alamarta wani gurnani ne ko kuka siriri da ke ƙaruwa da gudu, ya kuma ƙaru in an ɗauki fasinja. Abin da take kashewa shi ne boris ɗin cikin giya da robar da ke tare mai a bayan ƙaramin sifoket, gyaran da sai an sauke inji an raba shi. Galibin ƙananan babura suna son a bar wa sarƙa wasa na santimita 2 zuwa 3 in an taɓa ta sama da ƙasa a tsakiyarta, wasu ma kamfanin ya manna adadin a jikin murfin. Kuma tunda tsohuwar sarƙa ba ta cinyewa daidai wa daida, sai an juya taya a hankali an nemo inda ta fi tsukewa, a nan ake awo. Wanda ya auna a inda ta fi saki, ya ɗaure ta ke nan fiye da kima a sauran wuraren. A kuma duba zanen da ke gefe biyu na maɗaurin taya, su zo daidai, in ba haka ba taya ta karkace, sarƙa za ta riƙa cin gefen haƙora tana wani shuu da ba ya ɗaukewa.

Game da mai kuwa, na san abin da aka saba, a ɗebo baƙin man da aka juye daga wani injin a kwarara. Ba zan ce bai fi babu ba, domin busasshiyar sarƙa mai tsatsa da ke ƙiii-ƙiii ta fi kowace lalacewa da wuri. Amma wannan man ya riga ya ɗauko garin ƙarfe da toka daga inda ya fito, ga shi tsinkakke, rabinsa a ƙafar wandon fasinja yake ƙarewa, sauran kuma ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama wani kwaɓi mai cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. A wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, a bar ta ta bushe, a ɗiga man giya mai kauri, mai lamba 90, ta cikin gaɓoɓin, a goge abin da ya yi yawa. Su kuma samarin da ke cire murfin sarƙa wai don mashin ya yi kyau, su sani murfin nan ba ado aka sa shi ya yi ba, a ƙasa mai yashi irin tamu shi ne rabin ran sarƙa. Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, shi ma yana da tasa fitinar: in ya ɗan lotsa sai sarƙa ta riƙa gogarsa tana ƙarar da za ka rantse babur ya mutu, alhali da sukudireba za a ɗan banƙare shi a wuce wurin. Cikin duk ƙararrakin da na ambata babu mai tsoratarwa kamarta, babu kuma mai arhar magani kamarta.

Abu na ƙarshe a kan sarƙa, ɗan makullin nan mai baki buɗe da ke riƙe da mahaɗinta. Rufaffen kansa ne ya kamata ya fuskanci inda sarƙa ke tafiya, buɗaɗɗen bakin yana baya. In aka juya shi, duk abin da ya taɓa bakin zai iya fizge shi. Ƙarfe ne da bai kai farce girma ba, amma shi ke riƙe da tafiyar gaba ɗaya, kuma shi ba ya yin ƙara kafin ya tafi, sai an sa ido.

In sarƙa ta fita daga zargi, sai a koma tsakiyar taya. Babur yana kafe, a kama tayar baya da hannu biyu, sama da ƙasa, a girgiza ta gefe da gefe. Bai kamata a ji komai ba. In an ji ɗan ƙwal-ƙwal, ko dai boris ya tafi, ko kuma robobin da ke gindin ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da taya sun cinye. Sai a juya tayar a ɗora tafin hannu a kan shokazoba, lafiyayyen boris ba a jin sa, mataccen kuwa za ka ji yana gurzawa a hannunka kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Masu kai babur wanki a fesa masa ruwa da inji, da masu ratsa kududdufi da damina, su suka fi gamuwa da wannan, domin ruwan yakan wanke giris ya bar tsatsa. A yi wa tayar gaba ma haka.

Akwai kuma wani gwaf da ake ji daga baya duk lokacin da aka murɗa totur ko aka saki. In ba sakin sarƙa ba ne, to robobin da ke tsakanin sifoket na baya da taya ne suka mutu. Aikinsu shi ne su shanye fizgar inji kafin ta isa taya. Riƙe tayar da hannu ɗaya ka murɗa sifoket gaba da baya, in yana tafiya shi kaɗai kafin taya ta amsa, su ne. Na ga ana yanka tsohon tub a cusa a cike gurbin, wannan zai iya kai mutum ƙarshen wata a cikin gari, amma kuɗin sababbin bai taka kara ya karya ba. Wayoyin da ke riƙe da wili kuwa a bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana ana ɗan ƙwanƙwasawa, mai ɗauri za ta yi ƙara tangaran, sakakkiya za ta amsa a dushe.

Kuloci da giya ba zan daɗe a kansu ba, don abin da mai babur zai iya yi da kansa a nan kaɗan ne, sai dai ya san abin da zai faɗa. In babur yana tsaye a firi yana wani caka-caka, da ka matse kuloci ya yi shiru, ka saki ya dawo, wannan yawanci kwandon kuloci ne ya ɗan yi wasa, tsofaffin babura da yawa suna yi kuma suna shekaru a haka. In kuwa a kan hawa ka ji inji yana ihu amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke sulɓi. Kafin a ce a canza faranti a fara duba hannun kulocin, ya kamata ya kasance da ɗan wasa kamar santimita 1 zuwa 2 a ƙarshensa kafin ya fara ja. A kuma tambayi kai wane mai aka zuba, domin kulocin irin waɗannan babura a cikin man inji yake wanka, wasu mayukan mota kuwa an sa musu sinadarin ƙara santsi da ke sa shi zamewa. Shi ya sa ake neman alamar JASO MA a jikin galan, ma'auni ne da Japanawa suka fitar musamman saboda wannan. Kukan da ke fitowa a giya ɗaya tak, misali ta uku, ya ɓace a sauran, haƙoran wannan giyar ne. Giyar da ke fita da kanta ta koma firi ana cikin tafiya kuwa ba abin wasa ba ce, musamman in ta yi haka lokacin da mutum ya fito zai wuce tirela. Mai shakka ya sa a juye man inji a cikin kwano mai tsabta ya kai rana ya duba, ya zagaya maganaɗisu a ciki. Ɗan ƙyalli kamar gari ba abin tashin hankali ba ne, amma ɓarɓashin da za ka iya ɗauka da yatsa yana nufin wani abu yana cin ɗan'uwansa a ciki.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce baburan nan ƙarfi gare su, an yi su ne don wahala, ga wane can ya je Maraɗi ya dawo da mashin da ke ƙara kamar injin markaɗe. Akwai gaskiya a ciki. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa ƙasashe masu tasowa su ga yadda ake amfani da babur, suka tarar ana lafta masa mutane da kaya, ba a kuma canza mai sai inji ya fara kuka. Abin da suka gani ne ya sa suka ƙera CG125, mai injin da ke jure sakaci, wanda daga baya kamfanonin Sin da yawa suka kwaikwaya, ire-irensa suka cika titunanmu. Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya shi ma a kan juriya ya yi suna a wajen 'yan acaɓa. Amma a lura, wannan juriyar ta inji ce, wanda ke rufe yana iyo a cikin mai. Sarƙa da sifoket da boris da robobi a waje suke cikin ƙura da ruwa, kuma tun asali an yi su ne don su cinye a canza. Babu injiniyan da ya taɓa yi musu alkawarin dawwama. Shi kuma wanda ya je Maraɗi ya dawo, labarinsa muke ji saboda ya dawo ya ba da shi a majalisa.

Za a kuma ce babu kuɗi, wannan kam hujja ce mai ƙarfi, ba zan raina ta ba. Amma ita ce ma ta sa nake cewa mutum ya iya tantance ƙara da kansa, don ya san inda zai kashe ɗan abin da yake da shi. Murfin da ke goga, da caka-cakar kuloci a firi, da ɗan tik-tik na tafet, duk za su iya jira a dawo daga Sallah. Sarƙar da ke tsallake haƙori tana ɓarat-ɓarat in an hau tudu, da tayar da ke girgiza gefe da gefe, da giyar da ke fita da kanta, da mai da ke tsiyaya daga bayan ƙaramin sifoket har yana jiƙa taya, waɗannan a wurina ba a tafiya da su, ko a gyara ko a nemi kuɗin mota. Wanda bai iya bambantawa ba shi ne zai kashe kuɗinsa a kan sabon fulogi da wankin kafireta, ya kama hanya da mataccen boris yana jin ya yi sabis. Kuma in za a sayi kayan, a tuna araha ba ta ado, kasuwa cike take da sarƙa da boris na jabu a cikin kwali mai kyau, gara a tafi da wanda ya san kan abin.

Sai lokacin gyaran, wanda shi ne dalilin kan wannan rubutu. Je ka kowane garejin babura ana gobe Sallah ka ga layi. Maigidan ba ya iya duba kowa, yara ne ke kwancewa suna ɗaurewa, kowa na cewa a yi sauri rana na yi. A irin wannan ranar ce ake manta ɗaure notin taya, a juya makullin sarƙa, a bar sandar da ke riƙe da kwanon birki ba a sa mata fil ba. Ko da an yi aikin da kyau, sabuwar sarƙa takan ɗan saki a tafiyarta ta farko, tana bukatar a sake duba ta. Don haka a kai gyara saura kwana uku ko huɗu, a karɓo, a ɗora kaya kwatankwacin wanda za a tafi da shi, a yi tafiyar kilomita 20 ko 30, a koma titin nan mara hayaniya a sake matse kuloci a saurara. In ƙarar tana nan, akwai sauran lokacin komawa a ce Malam ba ita ba ce. A ranar tafiya kuma a jefa mahaɗin sarƙa guda ɗaya da filaya da sifanar da ta dace da notin taya a cikin jaka, ba su da nauyi.

Mai bin hanyar Katsina in ya isa Bichi ya daure ya tsaya, ko da bai gaji ba. Ya kashe inji, ya taɓa sarƙa da ɗan kara ya ga wasanta, ya kai bayan hannunsa kusa da tsakiyar kowace taya a hankali. Ɗumi ba komai ba ne, birki ma yakan kawo shi. In kuwa wurin ya yi zafin da hannu ba zai iya zama ba alhali ba a taka birki sosai ba, ko ana jin ƙaurin giris, to a nemi bakanike a nan cikin gari tun rana tana sama, kafin a miƙa zuwa Tsanyawa da Kankiya.